Darasi na Goma Sha Huɗu: Tsohuwar Hanyar Madina zuwa Badar da Zangunanta

Wannan darasi ya shafi wata hanya ce da ke ƙasar Saudiyya, wadda ta tashi daga Madina ta nufi kudu maso yamma, ta ratsa duwatsu da kwaruruka da ƙananan garuruwa har ta isa Badar, daga can kuma ta bi gaɓar Bahar Maliya zuwa Rabig da Jidda. Mai yiwuwa ne ɗalibi ya yi tambaya: me ya kawo hanyar ƙasar Larabawa cikin littafin koyon Hausa? Dalili shi ne, Hausawa sun daɗe suna bin wannan hanya, da a ƙasa da bisa raƙuma, daga baya kuma cikin mota, kuma kalmomin da suke bayyana tafiyar da su na cikin tsofaffin kalmomin harshen. Wanda ya san ayari da zango da guzuri da salka ya sami mabuɗin karanta labaran fatauci da na aikin hajji gaba ɗaya. A karanta nassin sau biyu, na farko ba tare da duba ƙamus ba. Haruffan S.A.W. da za a gani bayan sunan Annabi taƙaitawa ce ta salatin da Musulmi suke yi masa, kuma mai karatu a bayyane yakan faɗi salatin cikakke.

Nassi

Birnin Madina yana kan tudu ne, kimanin mita 600 sama da teku. Duk wanda ya bar shi ya doshi teku gangara yake yi, sai dai gangarar ba miƙaƙƙiya ba ce, domin jerin duwatsun Hijaz sun gitta tsakanin birnin da shimfiɗaɗɗen filin bakin teku da ake kira Tihama. Ba a iya keta waɗannan duwatsu sai ta inda ruwa ya riga ya keta su. Saboda haka tun zamanin da, hanya takan bi cikin kwari ne, wato abin da Larabawa ke kira wadi, inda ruwa ke gudu in an yi sama, sauran shekara kuma sai rairayi da tsakuwa. A irin wannan ƙasa ba matafiyi ke zaɓen inda zai kwana ba, rijiya ke zaɓa masa. Inda aka sami ruwa nan ayari ke sauka, inda ayari ke sauka nan mai dabino da mai itace da mai ciyawar raƙuma ke kasa kayansu, da haka har gari ya kafu. Wannan ne ya sa sunayen wurare da yawa a kan hanyar suka fara da Bir ko Abyar, wato rijiya ko rijiyoyi.

Zangon farko bai kai kilomita 10 daga Masallacin Annabi ba, kuma shi ne Zul-Hulaifa, wanda a yau aka fi sani da Abyar Ali. Nan ne miƙatin mutanen Madina da duk wanda ya biyo ta Madina: a nan maniyyaci yake yin wanka, ya tuɓe ɗinkakkun tufafi ya ɗaura harami, ya yi niyyar hajji ko umara. Shi ne mafi nisa daga Makka cikin dukkan miƙatai. Wanda ya ɗaura harami a nan a zamanin raƙuma yakan yi kwana 10 zuwa 12 kansa a buɗe, cikin rana da raɓa, kafin ya ga Ka'aba. Masallacin da ke wurin yanzu an gina shi ne a zamanin Sarki Fahad, kuma babu wani alhaji ɗan Nijeriya ko Nijar da ya fara sauka Madina da bai san harabarsa ba.

Daga Abyar Ali hanyar takan shiga cikin duwatsu, ta wuce Furaish, ta kai Rauha, wadda ke da nisan kilomita 70 da ɗoriya daga Madina. Rauha ba ta da girma, rijiya ce da ɗan masallaci a cikin wani fili da duwatsu suka kewaye, amma sunanta ya cika littattafan hadisi da na tarihi, domin Annabi (S.A.W.) ya sha sauka a nan. A nan ne, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito, wata mata ta ɗaga ƙaramin yaro ta tambayi Annabi ko wannan ma yana da hajji, ya amsa mata cewa yana da shi, ita kuma tana da lada. Malaman fiƙihu sun gina hukuncin hajjin yara a kan wannan tambaya da aka yi a bakin hanya.

Gaba kaɗan sai Musaijid, ma'anar sunan ɗan ƙaramin masallaci. Tsohon sunan garin ya fi ban sha'awa ga mai nazarin harshe: Munsaraf, wato wurin da ake juyawa. Da Bahaushe ne ya raɗa masa suna da ya ce Mararraba, ko kuwa Kwana, kamar yadda muke da Kwanar Ɗangora tsakanin Kano da Zariya. A nan ne a farkon Musulunci hanyar Makka take karkata hagu, ta bi ta Arj da Suƙya da Abwa, hanyar Badar kuma ta yi dama. Wannan batu yana da muhimmanci, domin mutane da yawa suna zaton Badar zango ce a kan hanyar da Annabi ya bi a hajjinsa na bankwana a shekara ta 632, alhali a wancan lokaci gajeriyar hanyar Makka ba ta bi ta Badar. Daga baya ne, da ƙarnuka suka shuɗe, manyan ayarin alhazai suka mayar da hanyar Safra da Badar da Rabig ta zama babbar hanya, har Turkawa Usmaniyawa suka riƙa kiran ta hanyar Sultan.

Bayan Musaijid ne matafiyi ke shiga Kwarin Safra, kuma nan ne ya kamata mu ɗan dakata, domin shi ne zuciyar hanyar. Kwari ne mai tsawo wanda a wasu wurare yake tsukewa har duwatsu su yi kamar za su haɗe, a wasu wurare kuma ya buɗe. Duk inda ya buɗe akan sami idon ruwa da gonar dabino da ƴan gidaje a jikin dutse, an ɗaga su sama don gudun ambaliya. Irin wannan ƙauye mai idon ruwa mutanen yankin suna ce masa haif, kuma akwai su jere a cikin kwarin. Daga cikin garuruwan da suka fi suna akwai Haif ɗin kansa da Hamra da Wasiɗa. Mutanen da suka zaune kwarin yawancinsu ƴan ƙabilar Harb ne. Abin da suke nomawa, dabino da lalle da ɗan kayan lambu, bai isa ya riƙe su ba in ba don ayari ba. Suna sayar wa alhazai ruwa da dabino da zuma da wani ƙaro mai ƙamshi da ake kira balasan, suna ba da hayar raƙuma, suna yi wa ayari ja-gora. Idan kuwa hukuma ta hana shugabanninsu kuɗin da ta saba ba su duk shekara don a bar alhazai su wuce lafiya, sai su tare matsatsin kwarin. Marubutan Turai na ƙarni na 19 sun cika littattafansu da kiran waɗannan mutane ƴan fashi. A ganina wannan hukunci ne na wanda ya wuce sau ɗaya a kan raƙumi. Mutumin da hanya ita ce gonarsa, ba zai kalli kuɗin wucewa yadda baƙo ke kallon sa ba, ko da yake wannan ba ya wanke waɗanda suka kashe talakawan alhazai don ɗan guzurinsu, kuma an yi hakan ba sau ɗaya ba.

Matsatsin Safra ya ga yaƙi fiye da sau ɗaya. A ƙarshen shekarar 1811 rundunar Masar, ƙarƙashin Ɗusun Basha ɗan Muhammadu Ali, ta taso daga Yanbu za ta ƙwace Madina daga hannun daular Saudiyya ta farko, sai aka rutsa ta a cikin kwarin aka fatattake ta, ta koma bakin teku a warwatse. Shekara ɗari da biyar bayan haka, a watan Oktoba na 1916, a garin Hamra ne Baturen nan ɗan Ingila, Lawrence, ya fara haɗuwa da Faisal ɗan Sharif Husaini, lokacin da Larabawa suka yi wa Turkawa tawaye. Dalilin duka biyun ɗaya ne: wanda ya riƙe Safra ya riƙe ƙofar Madina ta wajen teku.

Badar tana ƙarshen kwarin, kimanin kilomita 150 daga Madina, inda duwatsu suka fara ja da baya, rairayi ya fara yawa, teku kuma ya rage saura kamar kilomita 30. Tun kafin Musulunci mashaya ce kuma kasuwa ce ta shekara-shekara, domin a nan hanyar Madina ke haɗuwa da hanyar fataken Makka masu zuwa Sham. Wannan haɗuwa ce ta jawo yaƙin da ya sa sunan garin ya shiga bakin kowane Musulmi. A watan Ramalan na shekara ta 2 bayan Hijira, daidai da watan Maris na 624, Annabi (S.A.W.) ya fito daga Madina da mutum 300 da ƴan kai, yawanci akan ce 313, suna da raƙuma 70 da suke hawa bi da bi, da dawaki 2, da nufin tare ayarin Ƙuraishawa da Abu Sufyan yake jagoranta daga Sham. Abu Sufyan, da yake gogaggen madugu ne, ya sami labari ya kauce ya bi bakin teku, ayari ya tsira. Amma rundunar da ta fito daga Makka don kare shi, wajen mutum 1,000, ta ƙi komawa. Aka gwabza ran 17 ga wata. Musulmi suka yi nasara, aka kashe Ƙuraishawa 70, daga cikin Musulmi kuma mutum 14 suka yi shahada. A lura da yadda ruwa ya shiga cikin labarin nan ma: wani sahabi mai suna Hubabu ɗan Munziru ne ya ba da shawarar a matsa gaba a riƙe rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, a toshe sauran. Ɗaya daga cikin shahidan, Ubaida ɗan Harisu, bai cika a fagen fama ba. A kan hanyar komawa ne, a Safra, rauninsa ya yi ajalinsa, aka binne shi a can.

Yau Badar gari ne mai hukumar kansa a ƙarƙashin lardin Madina, da kasuwa da makarantu da gidajen mai. Maziyarci zai ga maƙabartar shahidai da aka zagaye da katanga, da allon da aka rubuta sunayensu, da Masallacin Arish, wanda aka gina a inda ake cewa an kafa wa Annabi rumfa ranar yaƙin. Arish ɗin ma ma'anarsa ke nan, rumfa.

Daga Badar zuwa kudu labarin hanyar gajere ne, domin ƙasar ma ba ta da abin faɗi da yawa: fili ne fetal, ga zafi ga gumi, teku a dama, duwatsu can nesa a hagu. Kusa da Rayis akwai kufan Jar, tsohuwar tashar jiragen ruwan Madina, inda aka riƙa sauke hatsin Masar tun zamanin Halifa Umar. Sai Mastura, wadda gabas da ita Abwa take, inda Amina mahaifiyar Annabi ta rasu yana ɗan shekara 6. Sai Rabig, kusa da Juhfa, miƙatin mutanen Sham da Masar da waɗanda suka biyo bayansu. Ibn Jubair ya bi wannan hanya daga Makka zuwa Madina a 1184, Ibn Baɗuɗa ya bi ta daga Madina zuwa Makka a 1326, kuma zangunan da suka lissafa, Rauha da Safra da Badar da Hulais da Usfan, duk suna nan da sunayensu.

To, ina Hausawa a cikin wannan labari? Suna can bayan ayari, a ƙasa. Alhajin ƙasar Hausa na zamanin da yakan bar gida ya bi ta Borno da Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ko koyar da allo a Sudan har ya tara kuɗin jirgin ruwa, sa'an nan ya haye daga Sawakin zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ma ba su ƙarasa ba, sai jikokinsu ne a yau suke zaune a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wanda ya kai Makka ya sauke farali, saura ziyara, kuma yawanci ba shi da kuɗin hayar raƙumi. Sai ya ɗauki sanda da ƙwarya da salka ya bi sawun ayari, yana tafiya da dare yana fakewa da rana. Larabawa suna kiran dukkan baƙaƙen alhazan Afirka ta Yamma Takruri, daga sunan tsohuwar daular Takrur da ke kogin Sanagal, kuma daga nan ne Hausa ta sami kalmar takari. Burckhardt, ɗan ƙasar Suwizalan da ya bi hanyar Safra a farkon 1815, ya yi bayanin waɗannan alhazai da juriyarsu. Wasu daga cikin waɗanda suka isa Madina ba su sake fita ba. Sananne a cikinsu shi ne Alfa Hashim, malamin Tijjaniyya daga zuriyar gidan Alhaji Umaru Futi, wanda ya bar ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zauna a Madina har rasuwarsa a 1931, gidansa kuma ya zama masaukin alhazan yammacin Afirka.

Sauyi ya zo wa hanyar a hankali, sa'an nan ya zo da gaggawa. Jirgin ƙasan Hijaz ya iso Madina daga Dimashƙa a 1908, amma ba a ƙarasa shi zuwa Makka ba, kuma daga cikin dalilai akwai adawar ƙabilar Harb da ta Sharifin Makka, waɗanda suka gane cewa dogo zai kashe hayar raƙuma. Abin da suka hana dogo ya yi, mota ta yi shi. Bayan Madina ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz a ƙarshen 1925, tare hanya ya ƙare, motoci suka fara jigilar alhazai a kan burji da rairayi, a shekarun 1950 kuma aka shimfiɗa kwalta daga Jidda zuwa Madina ta Rabig da Badar. Masu raƙuma sun rasa sana'a, amma garuruwan ba su rasa baƙi ba. Mota ma tana jin ƙishirwa. Kowane tsohon zango ya sami gidan mai da bakanike da gidan shayi mai dogayen kujerun igiya inda direba zai miƙe ƙafa. Alhazan Nijeriya da suka fara zuwa ta jirgin sama daga Kano a waɗannan shekaru, wannan hanya suka bi, kuma tsofaffi daga cikinsu sukan ba da labarin soyayyen kifin Mastura da tsayawa a Badar a yi wa shahidai sallama.

A 1984 aka buɗe sabuwar babbar hanya tsakanin Makka da Madina, mai tsawon kilomita 400 da ɗoriya, wadda ake kira Hanyar Hijira. Ba ta sauka bakin teku ba, ba ta shiga Safra ba. Ta miƙe kudu ta cikin ƙasa, ta gefen Harrat Rahat, wani makeken fili na baƙaƙen duwatsun aman wuta, wanda ya yi amansa na ƙarshe a 1256 har wutar ta kusa Madina. Sunan hanyar girmamawa ce ga hijirar Annabi ta shekarar 622, ba wai ta bi sawunsa taki da taki ba ne, domin ja-goransa, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, da gangan ya riƙa kauce wa sanannun hanyoyi. Motar alhazai takan yi tafiyar cikin awa 5 ko 6 in babu cunkoso, ta tsaya sau ɗaya a wata tasha don salla da abinci. Saurin ma yana da nasa farashi: a watan Oktoba na 2019 wata motar masu ziyara ta yi karo da motar aikin hanya kusa da Akhal, mutum 35 suka rasu. A 2018 kuma aka buɗe jirgin ƙasa mai gudu na Haramaini, wanda yake haɗa biranen biyu ta Jidda cikin kamar awa 2 da rabi, shekara 110 bayan dogon Turkawa ya tsaya a Madina.

Ba daidai ba ne a ce tsohuwar hanya ta mutu. An faɗaɗa ɓangarenta na Madina zuwa Badar, manyan motoci suna bin sa dare da rana zuwa Yanbu, wadda ta zama birnin masana'antu tun bayan 1975. Abin da garuruwan suka rasa shi ne alhaji mai tsayawa. Faffaɗar hanya takan bi ta bayan gari, matafiyi ya ga sunan a allo ya wuce. Idanun ruwan Safra da yawa sun ƙafe, dabino ya bushe a tsaye a wasu haifofin, matasa sun koma Madina da Yanbu neman aiki. Duk wanda ya san yadda ƙauyukan bakin tsohuwar hanya suke zama a ƙasar Hausa in an yi sabon titi nesa da su, zai gane hoton. Akwai kuma wata hasara da ta fi shafar mu. Alhajin da ya taka Rauha da Safra da ƙafarsa, in ya dawo gida ya ji malami yana karanta yaƙin Badar a cikin azumi, ya san nisan wurin a jikinsa, ya san abin da ake nufi da mutum uku a kan raƙumi ɗaya. Alhajin yau yakan je Madina ya dawo bai san ta wace kusurwa Badar take ba, sai fa in ya biya kuɗin mota ta musamman ya je ziyara. Ba wanda zai so a koma zamanin ƙishirwa da ƴan tare hanya. Hausawa da kansu suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma lafiyar suke nufi, ba shekarar ba. Amma sunayen zangunan sun cancanci a riƙe su, ko da a aji ne.

Bayanin wasu kalmomi

Zango, jam'i zanguna: wurin da matafiya suke sauka su kwana, haka kuma nisan da ke tsakanin masauki da masauki. Ana cewa an ya da zango, wato an sauka. Kalmar ta yi tafiya mai nisa: a Gana da Togo unguwar baƙi Musulmi ana ce mata zango, domin a nan fataken goro suka fara sauka, a makarantu kuma ana cewa zangon karatu na farko da na biyu.

Ayari: taron matafiya da dabbobinsu masu tafiya tare. Shugabansu shi ne madugu, akan yi masa kirari da uban tafiya. Ja-gora kuwa mai nuna hanya ne kawai, ba lalle ne ya zama shugaba ba.

Salka: jakar fatar akuya da ake zuba ruwa a ciki. Guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi ya tanada; masu wa'azi sukan ari kalmar su ce guzurin lahira.

Maniyyaci da alhaji: wanda ya yi niyyar hajji bai riga ya yi ba shi ne maniyyaci; in ya sauke farali ya zama alhaji, mace kuma hajiya. Harami a nan tufafin nan biyu ne marasa ɗinki, kada a rikita shi da haramun, abin da shari'a ta hana, ko da yake tushensu ɗaya ne a Larabci.

Takari: a da alhajin yammacin Afirka ne da ya zauna a Hijaz. A bakin mutanen yau ta fi nufin wanda ya je ya ƙi dawowa yana zaune ba takarda, saboda haka akwai raini a cikinta. Ɗalibi ya san kalmar, amma kada ya kira wani da ita.

Kufai: wurin da gari ya taɓa zama aka tashi. Burji: hanyar da aka zuba wa jar ƙasa ko tsakuwa ba kwalta. Fetal: kalma ce mai ƙarfafa ma'anar fili, ba ta tsayawa ita kaɗai.

Nahawu: ɗafa-goshin ma-

Nassin nan cike yake da sunayen da aka ƙera daga aikatau ta hanyar ɗafa ma- a gaba. Iri biyu ne suka fi yawa a cikinsa. Na farko sunan wuri: daga sauka aka sami masauki, daga sha aka sami mashaya, daga raba aka sami mararraba. Mafi yawansu suna ƙarewa da -a, jinsinsu mace, kaɗan kuma da -i, jinsinsu namiji, shi ya sa ake cewa mashayar gari amma masaukin baƙi. Na biyu sunan mai aikatawa: matafiyi, matafiyiya, matafiya, maziyarci, maziyarciya, maziyarta, maniyyaci, maniyyaciya, maniyyata. A rubutu irin biyun sukan yi kama, karin sauti ne yake raba su: sunan wuri yakan tafi da sautin sama daga farko har ƙarshe, sunan mai aikatawa kuwa yakan fara sama, ya sauka a tsakiya, ya sake hawa. Gwada wannan da ma'aikata, wadda take nufin wurin aiki ko kuma masu aiki, gwargwadon yadda aka furta ta. Malamin aji zai furta muku duka biyun.

A kuma lura da wasalin -o a ƙarshen aikatau, wanda yake nuna motsi zuwa wajen mai magana ko wajen da hankalin labari yake. An ce jirgin ƙasa ya iso Madina, domin a Madina muke tsaye. Da daga Dimashƙa muke magana da mun ce ya isa. Haka fita da fito, tashi da taso, bi da biyo.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa sunayen wurare da yawa a kan wannan hanya suka fara da Bir ko Abyar?
2. Bayyana ma'anar Munsaraf, ka kawo sunan wani wuri a ƙasar Hausa ko a ƙasarku da aka raɗa bisa irin wannan dalili.
3. Marubucin bai yarda da yadda Turawan ƙarni na 19 suka siffanta mutanen Safra ba. Mece ce hujjarsa, kuma ina ya iyakance ta? Kai me ka gani?
4. Zuwan mota a shekarun 1950 da buɗe Hanyar Hijira a 1984 ba su shafi garuruwan hanya iri ɗaya ba. Yi bayani cikin jimloli biyar.
5. Sake rubuta sakin layin yaƙin Badar kamar wani mutumin Makka ne yake ba da labarin yana zaune a Makka, ka gyara aikatau masu ƙarewa da -o duk inda ya kamata.
6. Rubuta shafi ɗaya a kan wata hanya a ƙasarku da sabon titi ko jirgin ƙasa ya janye wa matafiya. Yi amfani da zango, mararraba, masauki da kufai, a kawo ranar darasi mai zuwa.